Tsokar Bayan Yaya Saude

Na sauka a Alƙahira da jaka ɗaya da faifan kwamfuta ɗaya, kuma da ɓarawo zai tare ni ya ce in zaɓa, wallahi jakar zan miƙa masa. Faifan na naɗe shi a ɗankwali na cusa a aljihun rigata ta ciki. Hoton cikin yayata Saude ne a kansa, wanda aka ɗauka da na'urar siti a Kano mako biyu kafin tafiyata.

Sunana Rabi. Ƙauyenmu yana gaba da Makoda kaɗan, inda gona take manne da gona, duk inda ka juya sai ka ga rumbun wani. Babanmu malami ne, a zaure yake karantarwa. Ni ce mai taurin kan gidan, na nace wa boko har na zama mai ɗaukar hoton marasa lafiya a wani asibiti a birni. Shekara bakwai ina kwantar da mutane a na'ura ina cewa ja numfashi, riƙe, saki. Sai ga gurbin karatu na wata shida a Masar, in je in koyo yadda ake auna tsokar jikin mace daga hoton cikinta. Shekarun nan ne kuwa da mutanen garinmu suka koma cin abinci sau biyu a wuni, in ka tambaya su ce ba sa jin yunwa ne.

Ana cikin shirin tafiyar cikin Yaya Saude ya fara tasowa. Mata har sun fara yi mata murmushi a kaikaice, a zatonsu rabo ne ya zo bayan shekara tara da yaye autarta. Hoto ya nuna ƙari a ƙwan mahaifa, ga ruwa ya cika cikin. Likita ya ce yana zargin sankara ce, amma sai an buɗe za a tabbatar, kuma layin aiki yana da tsawo, sai nan da wata uku. Mijinta ya dawo da ita gidanmu jinya. Na ce na fasa tafiya. Ta harare ni daga kan tabarma ta ce, "Zamanki ne zai sace kumburin? Tashi ki ba ni wuri."

Zangon farko shi ne filin jirgi, kuma a nan aka fara cuta ta. Wani ɗan ƙasarmu mai kiran kansa wakilin ɗalibai ya karɓi kuɗin hayata tun ina gida, ya turo mini hoton ɗaki har da labule mai furanni, ya ce zai tarye ni. Na tsaya da jakata tun hantsi har azahar, wayarsa a kashe. Da na gaji na tari mota na miƙa wa direba adireshin. Na ce bari in gwada Larabcin da na tsinta a zauren Baba. Na zuba masa jimla biyu, har da ƙalƙala. Mutumin nan ya juyo ya kalle ni, ya ɗaga hannuwa sama ya ce amin, ya tuntsire da dariya. Da ya ba ni amsa kuwa, ko kalma ɗaya ban tsinta ba.

Adireshin shagon faci ne. Tayoyi ne jibge har bakin titi, babu ɗaki, babu labule, babu furanni. Mai shagon ya nuna mini da yatsu cewa ni ce ta huɗu da aka turo masa. Ban yi kuka ba, haushi ne ya hana ni. Na ja jakata na bi kiran sallar la'asar har na samu masallaci, na shige sashen mata na zauna a lungu.

A nan wata dattijuwa ta ƙura wa atamfata ido, ta matso ta ce, "Ke 'yar ina ce?" Da Hausa! Jin haka sai hawayen da na riƙe tun safe suka ɓalle. Sunanta Hajiya Falmata, asalinsu Barno amma a Rijiyar Zaki suke zaune, ta kawo maigidanta ne ana wanke masa ƙoda. Na ba ta labari. Ta ja tsaki mai tsawo ta ce, "Allah Ya isar miki. Ɗauko jakarki." Ta ba ni gefen falonta da katifa da bargo, kuma wata shidan nan ko sau ɗaya ba ta nuna mini na takura ta ba.

Zango na biyu asibitin da aka tura ni. Ɗakinmu a ƙarƙashin ƙasa yake, babu taga, sanyin na'ura yana shiga har ƙashi. Shugabar wurin Dakta Samira ce, gajeriya, mai ƙaton tabarau, ba ta san wasa ba. Ranar farko ta buɗe hotunan mata biyu ta jera a allon kwamfuta, ta ce da Turanci, "Nauyinsu ɗaya a sikeli. Duk ana zargin sankarar ƙwan mahaifa. Wacce za ta tashi da wuri bayan aiki?"

Na ce Allah ne masani.

Ta ce, "Haka ne. Amma Ya ba ki ido."

Sai ta nuna mini. Hoton siti yanka-yanka yake fitowa, kamar an yanka rake gaɓa-gaɓa ana duban kowane yanki. A cikin yankan nan duka guda ɗaya ake nema, wanda ya faɗo daidai ƙashi na uku na gadon baya, wajen ƙugu. A nan za ki bi da hannu ki zagaye duk tsokar da ke jikin ƙashin da ta bangon ciki, kwamfuta ta shafa mata ja, ta faɗi faɗinta, a gwada da tsawon matar. Ta farko jan nata ya yi kauri. Ta biyu siririn zare ne kawai ya zagaye ruwa. Dakta ta ce ruwa da ƙari su ne suke cika sikeli, tsoka kuwa tana zagwanyewa a ɓoye, kuma da tsokar nan mace take tari bayan an yi mata aiki, da ita take tashi zaune, da ita rauni yake haɗewa.

Na ji faifan ya yi mini nauyi a aljihu. Na ga hoton Yaya tun a Kano, amma ƙarin kawai na kalla, don shi aka koya mini kallo.

Aikin nan ya ba ni wuya ba kaɗan ba. Sai in wuni ina zagaye tsoka, Dakta ta zo ta leƙa ta kafaɗata ta goge duka da dannawa ɗaya. "Kin haɗa da hanji." "Wannan kitse ne." "Sake." Wata rana na fusata na ce mata da Hausa, "To ke ki yi mana!" Ta ɗago tabarau ta ce, "Ban ji ba, amma na gane. Sake." Rannan a banɗaki na ci kukana, na wanke fuska na dawo na sake.

Abinci kuwa sai addu'a. Na yi kewar tuwon dawa da miyar kuka har ina jin ƙamshinsu a hanya. Abin da ya riƙe ni shi ne dafaffen waken da ake sayarwa a amalanke a bakin asibiti, a zuba a cikin gurasarsu. Tsohon da ke sayarwa ya lura kullum guda ɗaya nake saya in raba biyu, rabi da safe rabi da rana. Daga nan sai ya riƙa jefa mini dafaffen ƙwai a ciki yana kau da kai, wai shi bai san ya faɗa ba.

Duk Juma'a bayan an sauko nake kiran gida ta wayar Baba. Inna ce take ba ni labari, kuma kullum labarin daɗi ne. "Alhamdu lillahi, yayarku ba ta rame ba. An kai ta wajen masu sayen gyaɗa an ɗora ta a sikelinsu, har ƙaruwa ta yi." Sun hana ta komai. Ba shara, ba ɗiban ruwa, taɓarya kuwa Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba da ke jinyarta, ta ɓoye ta a bayan rumbu. Tana kwance wuni guda, ana dama mata koko mai ruwa-ruwa don kada abinci mai nauyi ya ƙara mata kumburi. Ƙauna ce tsagwaronta, na sani. A garinmu in ana son mara lafiya, kwantar da shi ake yi.

Yaya Saude kuwa ita ce macen da ake jin dakanta daga gida na uku. Ranar biki ita ake sawa a turmin tsakiya, ta cilla taɓarya sama ta tafa ta cafe.

Mako biyar ina yawo da faifan nan ban buɗe ba. Tsoro nake ji, ba wani abu ba. Ranar da Dakta ta duba aikina ta wuce ba ta goge ba, na san uzurina ya ƙare. Na kira Baba na ce a auno mini tsawon Yaya. Suka jingina ta da bango, aka yi zane da gawayi, aka aro tef ɗin tela aka auna. Washegari da hantsi na sa faifan, na nemo ƙashi na uku, na fara zagayewa. Sai jan ya fito.

Zare ne. Bai ma kai na mace ta biyun nan da Dakta ta nuna mini ba.

Ban ji zuwan Dakta ba sai muryarta a bayana. "Wannan ba tamu ba ce. Wace ce?"

Na ce, "Yayata ce."

Ta jawo kujera ta zauna, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta sake awon da kanta, ya fito daidai da nawa. Ta tambayi yaushe ne aikin, na ce saura mako bakwai. Ta ce, "In aka shiga da ita a haka, ina jin tsoron tashinta. Kuma hoton nan ya kwana biyu, yanzu ta fi haka. Amma mako bakwai ba kaɗan ba ne. Ta ci ƙwai da wake da nono da nama, kaɗan-kaɗan, sau da yawa. Ta tashi ta yi tafiya. Ta yi aiki da hannuwanta. Ki rubuta wa likitanta, zan sa hannu."

Likitan Kano bai ba ni wahala ba. Ya ce a kawo ta a zuƙe ruwan ta samu wurin zuba abinci, ya kuma yarda da sauran. Wahalar tana gida.

Na kira Inna na jero mata bayani. Ta bari na gama tsaf, sannan ta ce, "Wato in miƙa wa mara lafiya taɓarya? Ke Rabi, abin da kika je koyowa ke nan? Mutanen gari su ce mun gaji da jinya mun sa ta daka?"

"Inna, jikinta ne yake ƙarewa."

"Sikeli ya ce ta ƙaru."

"Ruwa ne, Inna! Ruwa sikelin yake aunawa!"

"To ke da kike wata ƙasa kin fi mu da muke kallonta gani."

Na turo hoton ta waya, jan zaren nan, Baba ya nuna mata. Ta ce ita ba ta ga komai ba sai wani abu kamar faifan tuwo da ɓera ya ci. Kwana uku ina kira muna maimaita magana ɗaya. Na daina cin ko rabin gurasar. Kwanaki suna tafiya, ni kuma ina ƙarƙashin ƙasa ina zagaye tsokar matan wasu.

Hajiya Falmata ce ta gaji da ganina haka. Muna tsintar shinkafa da yamma ta ce, "Ke kin cika Turanci. Uwar taki mece ce sana'arta?"

Na ce kiwo. Duk shekara Inna tana turke rago ɗaya ko biyu ta sayar da Babbar Sallah, kuma a kaf yankinmu babu dillalin da ya isa ya cuce ta. Ina faɗa sai na tsaya. Na tuna yadda take yi in an kawo mata dabba. Ba ta kallon tumbi. Takan ce masu wayo suna ɗura wa rago ruwan dusa da kanwa ya kumbura kafin kasuwa. Sai ta ɗora hannu a gadon baya, wajen ƙugu, ta matsa da yatsu gefe da gefen ƙashi. A nan take sanin ko akwai nama. Daidai wurin da Dakta Samira take aunawa da na'urar da ta fi gidanmu tsada.

Na bar shinkafar na kira. Na ce, "Inna, kada ki yarda da ni, kada ki yarda da hoto. Ki sa hannunki a gadon bayanta, yadda kike yi wa rago."

Ta ce, "'Yar mutane kike haɗawa da dabba? Ba ki da kunya." Ta miƙa wa Baba wayar.

Na san ba ragon ne ya ɓata mata rai ba. Yaya Saude 'yar fari ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kama sunanta ba, sai dai yayarku, ko waccan, ko 'yar mutane. Kaka ce ta goye ta. Inna ba ta yi mata kitso, ba ta zama tabarma ɗaya da ita, ko a jinyar nan daga bakin ƙofa take tsayawa ta tambayi Gwaggo ya mai jiki. Shekara arba'in tana riƙe da kunyar nan, ni kuma daga Masar na ce ta ajiye ta ta taɓa.

Baba ya ce, "Rabi, kin yi kaushi." Na ce, "Baba, na sani. A ba ta haƙuri. Amma ban janye ba."

Kwana biyu babu kira. Rana ta uku da hantsi ina gaban kwamfuta wayata ta yi ƙara, lambar Baba. Na fita da gudu na haye matakala inda ake samun sabis. Muryar Inna ce, a dashe.

"Rabi."

"Na'am, Inna."

"Na aiki gwaggonku maƙota. Na shiga na ce ta juya." Ta ƙara da cewa, "Ƙashi ne kawai. Yatsuna har suna nutsewa. Rabi, Saude babu nama."

A kan matakalar na zauna. Ban san wanne ya fi sa ni kuka ba, labarin ko sunan.

Daga ranar Inna ta karɓi jinyar, kuma ta yi ta yadda ta iya, wato kiwo. Ƙwan kajinta da take tarawa a kai kasuwa ya daina fita daga gidan. Ta buɗe tukunyar waken da aka ajiye don iri, Baba ya buɗe baki zai yi magana, ta kalle shi, ya rufe. Ƙuli-ƙuli a daka a zuba a koko, nono da safe, awara da rana, alala da yamma, loma uku-uku in ciki ya ƙi karɓa. Ragon da take turke don Sallah ta sa aka yanka tun watan bai kama ba, ta soya ta adana a mai, ana ba Yaya tsoka biyu kullum. A shekara irin wannan, wanda ya san abin da ragon nan yake nufi a gidanmu shi zai gane.

Da aka zuƙe ruwan a asibiti aka sake ɗora ta a sikelin gyaɗa, sai ga gaskiya ta fito, har mai sikelin ya yi salati. Tafiya ta fara daga ɗaki zuwa rumbu, sannan zuwa zaure, sannan har bakin gonar Baba. Inna da kanta ta ɗauko ƙaramin turmin kayan miya ta dire mata. Maƙota suka yi ta magana kamar yadda ta faɗa. Wata ta shigo dubiya ta ga Yaya tana daka daddawa, ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah, mara lafiyar ce da aiki?" Inna ta ce, "Magani take sha. In kin ƙoshi da kallo ki miƙo mata barkonon can."

Ana saura kwana huɗu aiki aka sake ɗaukar hoto, wata abokiyar aikina ta Kano ta turo mini. Ba zan yi ƙarya ba, jan bai yi kaurin da nake mafarki ba. Ya dai daina zagwanyewa, ya ɗan ƙaru a gefen ƙashi. Dakta Samira ta auna sau biyu ta ce, "Wa ya ciyar da ita?" Na ce mahaifiyarmu, mai kiwon raguna ce. Na nuna mata da hannu yadda Inna take matsa gadon baya. Matar nan da ban taɓa ganin haƙoranta ba ta yi dariya har da cire tabarau.

Ranar aikin na wuni ina zagaye tsokar wata baiwar Allah, don in na zauna haka kawai zan haukace. Da la'asar Baba ya kira ya ce an fito. Sankarar ce, an cire abin da za a iya cirewa, sauran sai allurai. Kwana biyu bayan nan Gwaggo ta ce Yaya ta dafa gado ta tashi zaune da kanta. Rana ta huɗu ta taka har bakin ɗaki tana zagin masu riƙe ta.

Sauran watannin na ƙarasa su da haƙuri. Maigidan Hajiya Falmata ya samu sauƙi, tsohon mai wake ya ƙi karɓar kuɗina ranar sallama, Dakta ta rubuta mini takarda ta ce in na koma kada in bari a ɗora mace mai ruwa a ciki a sikeli a ce ta ƙoshi. Wakilin ɗalibai kuwa har yau ban sa shi a ido ba, na bar shi da Allah.

Na isa gida da rana tsaka, ɗan acaɓa ya sauke ni daga Makoda. Tun daga bakin zaure na ji daka. Ba irin na da ba ne, a hankali yake sauka, ana hutawa tsakani, amma na san hannun. Na shiga na same ta tsaye a gaban babban turmi, kanta a ɗaure don allurai sun zubar da gashin, ta rame, tana haki, tana dariya. Na yar da jaka zan rungume ta sai na ji an cafke ni ta baya. Inna ce. Ko sannu da zuwa ba ta ce ba, ta ɗora hannu a ƙuguna ta matsa gefe da gefen ƙashi, ta ja tsaki.

Ta ɗaga murya ta ce, "Saude, ajiye taɓaryar nan ki fasa ƙwai huɗu. Wannan ma babu nama."